Ɗige-ɗigen Motar Sanam

Tun Balkisa ba ta fara tafiya ba mahaifinta Jibo yake tuƙa motar Alhaji Hamidu. Tsohuwar Toyota ce mai buɗaɗɗen baya, wadda ke kwasar 'yan kasuwa daga tashar Filinge zuwa Sanam ranar kasuwa, ta dawo da su tare da buhunan hatsi da awaki. Sauran ranaku takan leƙa Abala ko ƙauyukan Kurfai idan an samu lodi. Alhaji Hamidu ba bare ba ne a gidan. Yayan Ramatu ne, uwar Balkisa, ciki ɗaya suka fito. Shi ya sa ba a taɓa zama an yi wata yarjejeniya ba. Jibo ya je ya dawo, ya cire kuɗin esansi, wato man fetur, ya kai wa Alhaji abin da ya saura, Alhaji ya ba shi nasa.

Shekarar da Balkisa ta shiga ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, aka kawo musu sabon malamin lissafi, Mushe Idrisa. Matashi ne, bai daɗe da fitowa daga jami'a ba, kuma ya gaji da misalan littafi da ke zancen jirgin ƙasa da farashin tuffa. Bayan an gama girbi sai ya ba su aikin gida mai tsawo. Ya ce kowa ya riƙa rubuta farashin litir ɗin esansi sau ɗaya a mako, wajen masu sayarwa a kwalba, tun da gidan mai yakan yi kwanaki a bushe. Sa'an nan kowa ya zaɓi wani abu na biyu da yake jin farashin yana taɓa shi, ya riƙa rubutawa a gefe. Idan watanni sun tafi za su zuba lambobin a takarda, kowane mako ɗigo ɗaya, su ga ko abubuwan biyu suna tafiya tare.

Wasu suka zaɓi farashin tiyar hatsi, wasu kuɗin niƙa. Balkisa ba ta yi dogon tunani ba. Ta zaɓi yawan fasinjan da motar babanta ke ɗauka zuwa Sanam.

Da ta gaya masa, yana zaune a tsakar gida yana wanke ƙafafunsa da buta, sai ya tsaya ya dube ta.

"Ni za a sa cikin aikin lakkwal?"

"Kai da motarka, Baba."

"To Mushen naku ya san ni?"

"Zai san ka."

Jibo ya yi dariya har butar ta karkace. Shi bai wuce aji uku ba aka cire shi aka kai shi gareji. Tun da Balkisa ta fara karatu, abin da ke haɗa shi da makarantarta bai wuce sayen littafi da kallon sakamakon da ba ya iya karantawa ba. Wannan ne karon farko da karatunta ya nemi wani abu da shi kaɗai ke da shi.

Ya ɗauki abin da gaske fiye da yadda ta zata. Ranar kasuwar Sanam, kafin ya tayar da mota, sai ya zagaya baya ya ƙirga mutane da yatsa, yana ce musu, "Ku zamna daidai, ɗiyata na son ta san ku nawa ne." Idan ya dawo da yamma, kafin ma ya sha ruwa, zai kira ta.

"Ashirin da biyu yau. Amma akwai mace guda da goyo. Goyon na cikin lissahi?"

"Ya biya kuɗin mota?"

"A'a."

"To ba shi ciki."

"Awakin hwa? Su sun biya."

Ramatu takan ce musu su bar mata shirme su zo su ci tuwo. Amma ita ma tana murmushi.

Makon farko litir yana dala ɗari da ashirin. Balkisa takan mayar da dalolin zuwa sefa, kowace dala sefa biyar, kafin ta rubuta, don Mushe Idrisa ya ce takardar lissafi ba ta san dala ba. Daga nan farashin ya fara hawa. Wani mako ya tsaya, wani mako ya ɗan sauko, amma idan aka dubi wata guda sai a ga ya yi gaba. Direbobi suka ƙara kuɗin mota. Mutanen da Jibo ke ƙirgawa suka koma goma sha tara, suka koma goma sha shida. Ya daina zancen awaki. Yana shigowa zai faɗi lambar a taƙaice ya wuce ɗaki ya cire riga.

Abin da yake kai wa Alhaji ma ya ragu, Alhaji kuma ya fara magana. Bai faɗa wa Jibo a fuska ba. A shagonsa na bakin kasuwa yake faɗa, a gaban mutane, cewa mota ɗaya, hanya ɗaya, direba ɗaya, amma kuɗi kullum sai ƙanƙancewa suke. Ya ce shi dai bai ce kowa ya ci ba. Maganar ta zagaya ta iso kunnen Ramatu a gidan suna, ta dawo gida ranta a ɓace. Jibo ya ji, ya miƙe. Ya ɗauki tabarma ya fita ƙofar gida ya zauna har aka kira sallar magariba.

Sa'ad da zafi ya fara shigowa litir ya kai jikka guda, wato dala ɗari biyu, fasinjan Jibo kuma sun koma goma sha ɗaya. A makon ne Mushe Idrisa ya ce a haɗa aiki.

Balkisa ta sayi takarda mai ƙananan gidaje, ta shimfiɗa ta a kan faifai a inuwar itacen bedi. Ta ja layi a ƙasa na farashi, ta ja wani a tsaye na fasinja, ta fara ɗiga makonni ɗaya bayan ɗaya. Mushe ya ce da Faransanci ana kiran irin wannan zane girgijen ɗigo. Na wasu 'yan ajin ya watse ko'ina kamar an zubar da gero a ƙasa. Nata kuwa ya taru siriri, ya taso daga sama ta hagu ya gangara ƙasa ta dama. Ta yi lissafin layin da ya fi ratsa tsakiyar ɗige-ɗigen, ta ja shi da jan biro. Ta fitar da lambar da ke auna ƙarfin dangantakar abubuwan biyu, wadda ba ta wuce ɗaya. Tata ta kusa cika ɗaya, da alamar ragewa a gabanta, ma'ana duk sa'ad da ɗaya ya hau ɗayan yana sauka.

Tambayar ƙarshe ta ce a yi amfani da layin a kintaci abin da zai faru idan litir ya kai jikka da dala hamsin. Ta ɗora ma'auni ta tsawaita jan layin ya wuce inda ɗige-ɗigen suka ƙare. Amsa ta fito mutum huɗu. Ta ɗan tsaya tana kallon lambar. Daga baya ta zagaye ta da biro, kamar yadda aka koya musu a yi wa amsa.

Ta samu goma sha takwas bisa ashirin, babu wanda ya kai ta. Mushe Idrisa ya ɗaga takardar a gaban aji ya ce ga abin da yake nufi da lissafi mai rai.

Da yamma ta nuna wa babanta. Ya goge hannuwansa a wando kafin ya karɓa.

"Waɗanga ɗige-ɗige mi ne ne?"

"Kowane ɗaya tahiyarka ce guda zuwa Sanam. Nan gehen esansi na da arha, ka ga mutane da yawa. Nan ya yi tsada, sun ragu."

"Ke nan takardar ta nuna esansi ne ya kori mutane."

"Haka ta nuna."

"Ba direba ba."

Sai a lokacin ta gane inda ya dosa. Ya naɗe takardar a hankali don kada ta karye.

"Ara mini ita gobe. In kai ma kawunki shi gani da idonai. Ni in na hwaɗi, cewa za a yi bakina ne. Wagga ko Mushe ya sa mata hannu."

Ramatu ta ce da ya bar takardar yarinya inda take. Jibo ya ce shekara nawa yana riƙe da amanar mutum, ba zai yarda a riƙa nuna shi da baki a kasuwa ba. Balkisa ba ta hana ba. A ranta ma daɗi ta ji, don ta ga aikinta zai wanke babanta.

Washegari da hantsi, ba ta da darasi, sai ga saƙo daga shagon Alhaji cewa ta zo. Ta same shi zaune a kan kujerarsa tsakanin buhunan shinkafa da jarkokin man girki, takardarta a buɗe a kan cinyarsa. Babanta yana kan benci a gefe. Akwai wasu dattawa biyu, abokan hirar Alhaji, da ba su tashi ba. Ta durƙusa ta gaishe su.

"Taso nan, Balki," in ji Alhaji. "Ubanki ya kawo mini ilimi, amma ya kasa yi mini bayani. Ke kinka yi wanga?"

"Ni ce, Kawu."

"Madalla. Allah shi yi albarka. Gwada mini."

Ta yi masa bayani kamar yadda ta yi a aji. Alhaji mutum ne mai saurin ganewa, duk da bai yi boko ba. Ya riƙa gyaɗa kai yana bin ɗige-ɗigen da farcensa. Da ta gama ya juya wajen dattawan.

"Kun ji ko? Jibo bai ci ko dala ba. Ni dama ban ce ya ci ba."

Jibo ya sauke numfashi, ya gyara zama.

Farcen Alhaji bai bar takardar ba. Ya bi jan layin har inda ɗige-ɗigen suka ƙare, ya ci gaba da binsa cikin farin wuri.

"To nan hwa? Ba ɗigo, amma layi bai tsaya ba."

"Kintace ne, Kawu. In esansi ya ƙara tsada."

"Wagga lamba da kinka kewaye?"

Ta dubi babanta. Shi ma ita yake kallo, fuskarsa a sake, yana jiran ta ƙara burge su.

"Huɗu," ta ce.

"Huɗu mi?"

"Mutum huɗu. In litir ya kai jikka da hamsin."

"In ya wuce nan?"

Alhaji ya ja farcensa har layin ya taɓa ƙasan takardar, ya bar shi a wurin.

Jibo ya yi gyaran murya. "Alhaji, ai ko wace shekara in rani ya yi nisa mutane na raguwa. Kuma ka san yadda hanya take bana. In kaka ta zo..."

"Jibo, ni da kai duka ba mu yi lakkwal ba. Ga wadda ta yi. Balki, Mushenku ya duba wanga aiki?"

"Ya duba."

"Ya ce da kuskure?"

"A'a."

"Nawa ya ba ki?"

Ta faɗa, muryarta ƙasa-ƙasa. Dattawan suka ce masha Allahu.

Alhaji ya naɗe takardar ya miƙa mata da hannu biyu. Sa'an nan ya fuskanci surukinsa, ya yi magana a natse, babu faɗa ko kaɗan.

"Na daɗe ina jin motar ga ta zame mini nauyi, ina jin kunyar in hwaɗi don kada a ce na wulaƙanta mijin ƙanwata. To yau ga shi daga gidanka ta hito. Ba ni na ce ba, ɗiyarka ta ce. Zan sai da ita tun tana da sauran daraja."

Ɗaya daga cikin dattawan ya shiga gyaran hularsa. Jibo ya zauna kamar bai ji ba, daga baya ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin motar, ya ajiye a kan buhun shinkafa.

"Ba yau ba, haba," in ji Alhaji. "Ka ƙarasa makon."

Jibo ya bar makullin a inda yake. Ya ce musu sai an jima.

Balkisa ta bi shi a baya. Suka ratsa kasuwa, suka wuce masu gyaran waya, suka bi ta bayan masallaci, yana gaba tana baya, bai waiwayo ba. Sai da suka kai ƙofar gida ya tsaya ya jira ta.

"Kin yi bayani da kyau," ya ce. Ya shiga.

Ta so ya yi mata faɗa. Da ya zage ta, da ta samu abin da za ta yi kuka a kansa. Bai yi ba, ranar ko bayanta. Ramatu ce ta ɗauki mayafi ta tafi gidan yayanta, ta dawo idanunta jajur, ta ce ya rantse mata ba don ƙiyayya ba ne, kasuwa ce. Kafin mako ya zagayo wani mutumin Balleyara ya zo da direbansa suka tafi da motar.

A makon da ya biyo baya Mushe Idrisa ya shigo aji ya rubuta kan darasi a allo da manyan baƙaƙe: tafiya tare ba ita ce sanadi ba. Ya ce yanzu da suka iya zana girgije da jan layi, saura su koyi taka-tsantsan. Abu biyu suna iya hawa da sauka tare alhali wani abu na uku ne ke jan su duka. Ya ce kuma layin ba shi da iko sai a inda ɗige-ɗige suke. Wanda ya tsawaita shi zuwa farin wuri, ya sani cewa zato yake yi, ba awo ba.

Ya ɗauki misali da aikin da ya fi kowane kyau.

"Mu ɗauki na Balkisa. Ta fara ƙirga bayan girbi, ta gama cikin zafi. Wa zai gaya mini abin da ke faruwa da kasuwannin ƙauye tsakanin waɗannan lokuta, ko esansi ya hau ko bai hau ba?"

Hannuwa suka tashi. Wani ya ce hatsin sayarwa yana ƙarewa. Wata ta ce maza suna tafiya cin rani. Wani daga baya ya ce mutane suna tsoron hanyar saboda masu bindiga, ƙauyensu ma rabi ya tashi, kuma tsoron nan ne ya sa masu kawo esansi suke ƙara kuɗi. Mushe ya ji daɗi, yana rubuta amsoshin ɗaya bayan ɗaya.

Balkisa tana zaune ta dafe tebur da hannu biyu. Duk abin da suka faɗa ta san shi tun tana ƙarama. Babanta ma ya fara faɗarsa a shagon, aka katse shi da makinta.

Da aka tashi ta tsaya har kowa ya fita.

"Mushe, mi ya sa ba ka yi muna wanga darasi tun da hwarko ba?"

"Haka tsarin yake. Sai an iya ja kafin a koyi inda za a tsaya." Yana kakkaɓe alli daga hannunsa. "Lafiya?"

Ta gaya masa abin da ya faru. Ya daina kakkaɓe hannun. Ya zauna a bakin tebur, ya cire tabarau ya mayar.

"Amma aikin aji ne kawai. Ban taɓa tunanin wani zai ɗauke shi ya yanke hukunci da shi ba."

"Kai ka ce mu kintata. Ka ba ni maki a kai."

"Lissafinki daidai ne, Balkisa."

"Na sani."

Ya ce idan tana so zai je ya yi wa kawun nata bayani da kansa. Ta ce mota ta riga ta tafi. Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, kuma ta ga da gaske yake. Sa'an nan ya dubi agogo, don yana da wani aji.

Duk da haka ta je shagon da kanta bayan la'asar. Ta tarar da Alhaji shi kaɗai. Ta durƙusa ta ce ta zo gyara bayanin da ta yi, akwai abin da ba ta sani ba a lokacin. Ta faɗi zancen rani da cin rani da tsoron hanya, ta ce layin ba ya nuna gobe. Ya saurare ta har ta gama, bai katse ta ba.

"To yanzu wanne zan ɗauka, na rannan ko na yau?"

"Na yau, Kawu."

"In kin koma lakkwal jibi anka koya miki wani, ki dawo ki ce in ɗauki na jibi?" Ya yi 'yar dariya. "Ke dai yi karatunki. Wanga zance na manya ne."

Ya ɗebo dabino a mudu ya zuba mata a gefen hijabi. Ta fito da shi a hannu, ta rasa yadda za ta yi da shi, ta ba wasu mata da ke jiran niƙa.

Bayan kwanaki kaɗan Ramatu ta ji sauran labarin a bakin matar mai gareji. Mutumin Balleyara ya zo ya duba motar tun sanyi bai wuce ba, wata ranar Juma'a da Jibo ya ajiye ta a gareji ya tafi masallaci. Har sun yi ciniki, abin da ya rage kawai Alhaji ya samu bakin da zai gaya wa surukinsa. Ramatu ta faɗi wannan a tsakar gida tana tankaɗe, da ƙarfi, don 'yarta ta ji.

"Kin ji ko? Ba takardarki ba ce. Da ke da babu ke, sai ya sai da ta."

Jibo yana zaune a bakin ƙofar ɗaki yana ɗinke takalminsa. Bai ɗago ba.

"Da ya hwaɗi mini da bakinai," ya ce, "da na gode mishi."

Balkisa ta jira ta ji sauƙi a ranta, sauƙin bai zo ba. Abin da ya tsaya mata shi ne yadda aka kira ta, aka sa mata albarka, aka sa ta faɗi lambar da bakinta a gaban babanta da baƙi.

Jibo ya nemi wata motar. Masu motoci da yawa sun jingine nasu, waɗanda ke tafiya kuma suna da direbobinsu. Ya yi wata biyu yana fita da safe yana dawowa da rana. A ƙarshe shugaban tasha, wanda suka yi ƙuruciya tare, ya ba shi wuri cikin masu kiran fasinja. Mutumin da ya haura hamsin, wanda ake yi wa kirari in ya shigo tasha da lodi, ya koma tsayuwa a rana yana kiran Yamai, Yamai, saura mutum biyu, direbobin da ya koya wa tuƙi suna miƙa masa 'yan canji ta taga. Balkisa ta canza hanyar zuwa makaranta don kada ta bi ta gaban tashar.

Ramatu ta daina zuwa gidan yayanta, sai da matarsa ta haihu dole ta je. Hatsi ya ƙare musu kafin ruwa ya sauka, Alhaji ya aiko da buhu guda, suka karɓa.

Da damina ta kankama esansi ya sauko. Bai taɓa kaiwa jikka da hamsin ba. Bayan girbi motocin Sanam suka koma cika, ko da yake ba kamar shekarun baya ba. A gidan babu wanda ya ɗaga zancen.

Balkisa ta ci jarrabawar bak ta gama lise, ta samu gurbi a jami'ar Yamai. Kuɗin rajista da na ɗaki sun fi ƙarfin gidansu. Ramatu ta sayar da tumakinta biyu, ba su isa ba. Alhaji Hamidu ya aiko cewa kada su damu, karatun Balki nasa ne.

Ranar tafiya suka taru a tasha da safe. Jibo ne ya samo mata wuri kusa da taga, ya hau saman motar da kansa ya ɗaure jakarta, ya ja igiyar sau biyu ya tabbatar. Yana saukowa Alhaji ya iso cikin babbar riga, mutane suna gaishe shi. Ya tsaya inda kowa zai gani, ya fito da kuɗi a ninke.

"Ga ɗiyata mai lissahi," ya ce wa mutanen tashar. "Wagga kanta ya hi na maza goma. Ni zan karantar da ita har inda karatu ya ƙare."

Ya miƙo. Balkisa ta tsaya, hannuwanta a cikin hijabi. Ramatu ta taɓa ta da gwiwar hannu. Ba ta motsa ba. Mutane suka fara kallon juna.

"Karɓi mana," in ji Jibo a hankali. "Ki yi ma kawunki godiya."

Ta durƙusa a kan yashin tashar, ta sa hannu biyu ta karɓa.

"Na gode, Kawu. Allah shi ƙara arziki."

"Amin, amin. Tashi, kada ki ɓata tufanki."

Ta shiga ta zauna. Motar ba ta cika ba, saura wuri ɗaya, direba ya ce ba zai tashi ba sai an cike shi. Alhaji ya yi sallama ya koma shago. Ramatu ta tsaya a jikin taga tana maimaita mata sunan unguwar da za ta sauka da wanda zai tarbe ta. Jibo ya koma bakin hanya yana kira, muryarsa ta dushe, har wata tsohuwa mai kaji biyu ta zo. Ya karɓi kajin ya taimaka mata ta hau, ya rufe ƙofa, ya bugi jikin motar da tafin hannu. Direba ya miƙo masa nasa ta taga, ya sa a aljihu, motar ta tashi.